Ƙudan zuma sun tare a silin: a ƙona, a fesa, ko a kira mai amya?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar unguwa. Don Allah shawara nake nema. Ƙudan zuma ne suka shiga silin ɗin ɗakin yara, ta wata 'yar kafa tsakanin kwano da bango, ta bayan gida. Da farko ɗai-ɗai muke gani, yanzu kuwa da hantsi shige da fice suke ba ƙaƙƙautawa, da dare ma in ka kasa kunne kana jin gunjinsu. Baban Khalifa ba ya gari. Na kira mai gidan hayar, ya ce in sayi maganin ƙwari na Sniper in sa a fesa. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Ɗan Asabe: Wa alaikumus salam. Hajiya, wannan ai ba abin damuwa ba ne. A bari sai bayan isha'i, a ɗaura tsumma a kan gora, a jiƙa da kananzir, a cinna, a kara a bakin ramin. Haka muke yi wa rina a gona, ko ɗaya ba ta tsira.

Baban Sadiya: A gona ka ce, Ɗan Asabe. Nan silin ne: katako, kwali, wayoyin lantarki, ga kakin zuma da shi kansa yake cin wuta, ga wannan zafi na bazara da komai ya bushe ƙayau. Kuma gidajenmu bango ɗaya ne ya raba su. Idan gobara ta tashi kai za ka biya?

Ɗan Asabe: Yaya, ban ce a cinna wa gidan wuta ba. Bakin ramin kawai.

Baban Sadiya: Bakin ramin a jikin mene ne yake?

Hajiya Babba: Ku dakata da maganar wuta. 'Yata, zuma ta zo gidanki kuma ki ce za ki kashe ta? Mu da muka taso, in zuma ta sauka a gida murna ake, ana cewa alheri ne ya zo. Ki rabu da su, ba ruwansu da wanda bai tsokane su ba.

Maman Khalifa: Hajiya, wallahi ni ma ba na son kashe su. Amma jiya ɗaya ta harbi Khalifa a wuya yana zaune yana cin mangwaro, bai taɓa kowa ba. Kuma da daddare in an kunna ƙwai sai su riƙa sulalowa ta gefen fanka suna zagaya shi.

Mai Amya: Assalamu alaikum. Yanzu yaro ya nuna mini maganar, ku gafarce ni. Kiwon zuma sana'ata ce, a hannun mahaifina na koya, tun ana rataya amyar ciyawa a kan ɗorawa da kuka har aka zo kan akwatin katako. Hajiya, abu biyu zan tambaya. Sun kai wata nawa? Sannan ki tsaya daga nesa, ta gefe, kada ki tsaya a hanyar da suke bi, ki duba waɗanda ke dawowa: akwai wani ɗan curi rawaya ko ja a ƙafafunsu na baya?

Maman Khalifa: Tun kafin zafin nan ya kankama ne, Malam, sun haura wata biyu. Na leƙa ta taga yanzu, e, da yawansu suna da shi.

Mai Amya: To sun zauna ke nan. Wannan curin garin fure ne, abincin 'ya'ya. Tunda suna ɗebo shi, sarauniya tana ƙwai, akwai saƙa, akwai tsutsa, wataƙila da zuma. Kuma nan ne zan ɗan saɓa wa Hajiya Babba, Allah ya ƙara mata lafiya. Zumar da take nufi, wadda ake wayar gari a ga ta dunƙule a reshen darbejiya ko a jikin katanga, wannan matafiya ce. Ta rabu da tsohon gida ne tana neman sabo, cikinta cike da zuma, ba ta da 'ya'yan da za ta kare, shi ya sa ba ta cika faɗa ba. Irin wannan in an hana yara jifa, cikin wuni ɗaya zuwa kwana biyu ko uku za ta tashi da kanta. Amma wadda ta yi saƙa ba ta tashi, kuma kullum ƙara yawa take, tana ƙara zafin rai. Yau guda ɗaya ce ta harbi yaro. Ranar da wani ya buga ƙusa a wannan bangon, ko aka tayar da janareta a ƙarƙashinsa, lissafin daban ne.

Wuta kuwa kada ma a fara. Sniper ma haka, kuma ga dalili. Ruwan magani ba ya ratsa saƙa, na bakin ƙofa yake kashewa, sauran su fito a fusace su huce a kan duk wanda suka samu a layi. A ce ma ya kashe su duka: to wa zai fitar da saƙar? Su ne suke fifita da fukafukai suna sanyaya ta. Da sun mutu, zafin kwano zai narkar da kaki, zuma ta jiƙa silin ta riƙa ɗiga, tsutsa ta ruɓe ta yi wari, kiyashi da kyankyasai da ɓeraye su zo. Kuma ƙamshin kakin nan shi zai kira wasu sababbi baɗi. Abin da ake yi shi ne a ɓalle silin, a yi hayaƙi mai sanyi, a yanke saƙa a mayar cikin akwati tare da sarauniya, a kankare wurin, a toshe kafar.

Anti Nas: Na goyi bayan Malam kan Sniper, ni kuma ta fuskar lafiya. Maganin gona ne, ba na ɗaki ba. Tun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa da kantuna saboda illar da yake yi wa mutane. Fesa shi a saman ɗakin da yara ke kwana, ƙofa a rufe, ya fi ƙudan hatsari. Fiya-fiya ma kusan abu ɗaya ne.

Maman Khalifa, yaya wuyan nasa? Ya kumbura iya wurin ne ko har fuska?

Maman Khalifa: Iya wurin ne Anti, ya yi ja, yana ta susa. Na shafa masa manja.

Anti Nas: Alhamdulillahi, wannan shi ne na kullum, kwana biyu zuwa uku zai sace. Amma tunda an taɓo maganar bari in yi ta gaba ɗaya, ku adana ta a wayoyinku.

Ƙudan zuma in ya yi harbi yana barin ƙarinsa a fata tare da 'yar jakar dafi, kuma jakar tana ci gaba da tura dafi ko bayan ya tashi. Don haka abin farko a cire ƙarin nan take, da farce ko gefen kati ko duk abin da ke kusa. Sauri ake bukata, kada a tsaya neman hantsaki. A wanke da ruwa da sabulu, a naɗe ƙanƙara ko ledar ruwa mai sanyi a ƙyalle a ɗora. In a hannu ne a cire zobe da awarwaro kafin ya kumbura. Farasitamol don zafi, Piriton don ƙaiƙayi, gwargwadon shekarun mutum.

Wanda yake kisa daban ne, kuma harbi ɗaya tak ya isa. Alamominsa suna zuwa da wuri, yawanci cikin mintuna: borin jini ya feso a duk jiki har inda ba a harba ba, leɓe ko harshe ko fatar ido su kumbura, murya ta dishe, numfashi ya riƙa sarƙewa, jiri, amai, ko mutum ya yanke jiki ya faɗi. Da kun ga ko ɗaya daga cikin na numfashi ko na jiri, asibiti kai tsaye, kuma ku faɗa tun daga ƙofa cewa zuma ce ko rina. Maganinsa allurar adirenalin ce a cinya. Piriton ba ya tsayar da shi, maganin kumburi na hadirokotizon ma ba ya maye gurbinta. A hanya a kwantar da shi a ɗaga ƙafafu. In numfashi ne ya fi damunsa a bar shi a zaune, amma kada a sa shi ya miƙe ya taka. Kada a ɗura masa nono ko manja, zai iya shaƙewa. Ko ya farfaɗo a bar shi a asibiti na wasu awoyi, domin abin yakan dawo.

Ɗan Asabe: Anti, ni fa zuma ta sha harbina tun ina yaro, ban taɓa ko zazzaɓi ba. Jinina ya saba.

Anti Nas: Ƙanena, jiki sai ya taɓa haɗuwa da dafin yake fara yi masa bore. Wanda aka sha harbi lafiya lau, wata rana na gaba zai iya zame masa matsala. Ban ce dole ba, amma kada ka dogara da wannan.

Sai kuma wanda suka yi wa taron dangi. Ko ba shi da borin jini, yawan dafin kansa yana lalata tsoka ya taɓa ƙoda, wani lokaci sai washegari abin yake bayyana. Harbi in ya haura goma a je a duba, yaro da tsoho kuwa ko bai kai haka ba. In fitsari ya koma baƙi-baƙi ko ya ragu, kada a kwana. Harbi a cikin baki ko maƙogwaro ma asibiti ne ko guda ɗaya ne. Yakan faru in ƙudan ya faɗa cikin gwangwanin lemo ko kofin zoɓo aka kurɓa ba a duba ba.

Maman Ikram: Mu dai albasa muke gogawa, wasu man goge baki, wasu laka.

Anti Nas: Albasa da man goge baki ba za su cutar ba, sanyinsu ne ake ji. Laka da toka kam a bari, ƙazanta ce ake cusawa a rauni.

Alaramma: Assalamu alaikum. Maganar Hajiya Babba tana da asali. Allah ya saukar da sura guda da sunan wannan halitta, Suratun Nahli, kuma a aya ta 68 da 69 ya ambaci gidajenta a duwatsu da itatuwa da abin da mutane ke ginawa, ya ce a cikin abin da take fitarwa akwai waraka ga mutane. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe halittu huɗu, cikinsu har da tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda. Sai dai malamai sun yi bayani cewa abin da yake cutarwa ana tunkuɗe cutarsa, a fara da mafi sauƙi. Tunda ga mai iya ɗauke su da rai, babu dalilin kisa. Ƙonawa da wuta kuwa akwai hani a kanta na musamman. Barinsu a kan yara kuma da sunan albarka, wannan ba tawakkali ba ne.

Hajiya Babba: Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Ni dai kada a kashe su shi ne nawa.

Ɗan Samaru: Ƙarin bayani kaɗan daga abin da muke karantawa a sashen noma. Bidiyon da kuke gani a YouTube na Turawa suna ɗiban ƙudan zuma da hannu ba riga, irinsu daban ne da namu. Na Afirka sun fi saurin fusata, sun fi fitowa da yawa, sun fi bin mutum nesa, har kusan mita 400. A 1956 wani masani mai suna Warwick Kerr ya kai irin na kudanci da gabashin Afirka ƙasar Brazil don a samu zuma mai yawa. A 1957 wasu suka kuɓuce, suka haɗu da na can, suka yi ta yaɗuwa har suka shiga jihar Texas ta Amurka a 1990. Su ne ake ta yi wa suna da masu kisa, alhali dafin guda ɗaya bai fi na Turai ƙarfi ba, yawan masu harbin ne. Namu na Afirka ta Yamma 'yan uwansu ne na kusa.

Kuma dalilin da ya sa in ɗaya ta harbe ka sauran suke binka: tana barin wani ƙamshi a wurin, mai kama da na ayaba, shi ne ƙararrawarsu. Murƙushe ta a jiki ma yana fitar da shi.

Baban Sadiya: To idan sun taso wa mutum fa? Mun taso ana cewa ka kwanta ka yi lamo, ko ka faɗa ruwa.

Mai Amya: Dukansu biyun ba su da kyau, Alhaji. Lamo yana aiki ne in guda ɗaya ce take shawagi a kanka: kada ka kai mata duka, ka janye a hankali. Amma in sun taso da yawa, gudu ne. Ka ja riga ka rufe kai da fuska, ka bar wa ido hanya, ka miƙe zuwa ɗaki ko mota ka rufe. 'Yan kaɗan da suka shiga tare da kai ba komai ba ne a kan na waje. Ruwa kuwa, suna nan suna jira a sama, kana ɗago kai don numfashi fuska za su samu. Kada kuma ka ruga cikin taron mutane. Wanda ya faɗi ba ya iya gudu, a jefa masa bargo ko zani mai kauri a lulluɓe shi, mai ceton ma ya rufe jikinsa tukun.

Abin da mutane ke mantawa shi ne dabbar da ke ɗaure. Akuya a turke, rago, kaji a keji, ba su da hanyar tsira, su ne suke fara mutuwa. Ranar aikin duk a kwance su a kai nesa.

Mai Markaɗe: Yanzu na gane inda aka dosa. Injina yana jikin wannan katangar ta baya. Kuna nufin in rufe sana'a?

Mai Amya: Zuwa jibi kawai, ɗan'uwa, ko ka ja shi gaba zuwa bakin titi. Girgizar inji tana bin bango har saƙa. Waɗanda kake gani suna birgima a kan garin masara da na rogo ba su ne abin tsoro ba, fure ne ya yi ƙaranci suke ɗiban gari a madadinsa, kuma mai kiwo a waje ba ta cika harbi ba sai an danne ta.

Mai Markaɗe: Kwana biyu ba ciniki, wa zai ba ni na cefane? Mai gidan da ya bar rami a bangonsa shi ya kamata ya ɗauki duk wannan.

Maman Khalifa: Na sake kiransa, ya ce shi bai kawo zuma ba, wanda ke cikin gida shi zai biya.

Baban Sadiya: Bai kawo zuma ba, amma kafar da suka bi gininsa ce. Hajiya, kada ki tsaya ja-in-ja da shi yara suna ƙarƙashin abin. A yi aikin, a rubuta abin da aka kashe na kafinta da siminti, in Baban Khalifa ya dawo mu je tare da mai unguwa a cire a kuɗin haya. Mai Markaɗe, ka kawo injin ƙofar gidana, akwai inuwa.

Mai Amya: Ni ba na karɓar kuɗi in zan tafi da ƙudan, su ne ladana. Kafinta dai a biya shi. Gobe bayan magariba za mu zo, lokacin duk sun dawo gida. Yau yara su kwana a wani ɗaki, a toshe gefen fanka da tsumma, a bar ƙwan ɗakin a kashe. Abu ɗaya nake roƙo: kada wani ya yi dabarar toshe kafar waje. In kun rufe musu ƙofa za su nemi wata, kuma wata ƙofar ita ce ta cikin ɗaki. A faɗa wa malaman Islamiyyar layin su tashi yara da wuri, maƙwabta su rufe tagogi, masu son kallo su haƙura. Wanda ya zo da tocila yana haskawa, kansa za su nufa.

Maman Ikram: Malam, tunda ana ciki, mu kuma rina ce ta rataya gida a ƙarƙashin rumfar wanki, ga kuma gidajen zanzaro a bayan labule. Duk kai za a kira?

Mai Amya: A'a Hajiya, waɗannan ba sai ni ba. Zanzaro ki cire shi daga lissafi. Shi kaɗai yake rayuwa, ba shi da rundunar da za ta kare gida. Laka yake ɗebowa ya gina, ya cusa tsutsa ko gizo-gizo a ciki don 'ya'yansa, ya tafi. Sai kin kama shi da hannu zai harbe ki. In ya ɓata miki bango ki kankare da wuƙa. Ɓarnarsa ita ce toshe ramin soket da bututun inji.

Rina ce mai faɗa. Ita ƙarinta ba ya maƙalewa, don haka guda ɗaya za ta iya harbi sau da yawa, kuma tana gadin gidanta. In gidan ƙarami ne, bai fi ƙwan kaza ba, 'yan kaɗan ne a kai: da asuba kafin gari ya waye, babban mutum ya sa riga mai kauri da dogon wando da takalmi rufaffe, ya rufe wuya da fuska, ya kaɗa omo sosai a bokiti ya watsa musu gaba ɗaya. Ruwan sabulu yana jiƙa su ya toshe musu numfashi, su zubo. Sai a tsinke gidan a murƙushe, a kankare inda ya maƙale. Ya duba hanyar gudu tun kafin ya fara, kuma ƙafarsa a ƙasa. In sai an hau tsani, ko gidan ya yi girma, ko suna cikin rami ba a ganin yawansu, a nemi masu feshi da ke da kayan aiki. Da yawa faɗowa daga tsani ke karya su, ba harbin ba.

Anti Nas: Kuma duk wanda harbi ya taɓa kumbura masa fuska ko ya sarƙe masa numfashi, ba shi ba wannan aikin, ko gidan ya kai ƙanƙantar goro.

Maman Khalifa: Jama'a, an yi aikin jiya, Allah ya saka da alheri. Saƙa ce jere-jere tun daga bango har kusa da fanka, ban taɓa zaton ta kai haka ba. An tafi da su a akwati, kafinta ya mayar da silin, an cike kafar da siminti. Amma da safen nan na ga wasu suna ta zagaya wurin.

Mai Amya: Waɗanda suka kwana a waje ne, da na wasu gidajen da suka ji ƙamshi. Cikin 'yan kwanaki za su watse. Sauran jama'a kowa ya zagaya gidansa: tsakanin kwano da bango, bulo da ba a yi wa filasta ba, tsohuwar randa da aka kife, bututun iskar shadda, akwatin mita. Ramin da fensir zai shiga, ƙudan zuma zai shiga. Inda ake bukatar iska a sa raga, sauran a toshe.

Ladan: Malam, mu namu a wurin alwala ne, sun hana mutane sakat a bakin famfo, amma ba mu ga gidansu ba.

Mai Amya: Ƙishirwa ce, Ladan, wataƙila ma daga nesa suke zuwa. A gyara famfon da ke ɗiga, a rufe randuna, a kife butoci. Sai a samu tsohon baho a kai can ƙarshen fili inda ba a bi, a zuba ruwa, a jefa tsakuwa da karare don su samu wurin tsayawa. Kada a sa sukari, gayya ce. Sai an yi haƙuri kwanaki kafin su saba da sabon wurin, kuma kada a bari ya ƙafe, in ya ƙafe famfo za su dawo. A riƙa zubar da ruwan ana sake wani duk bayan kwana biyu saboda sauro.

Ɗan Asabe: To ni tambayata ɗaya: zumar da aka samu fa, ina rabon 'yan unguwa?

Mai Amya: Na bar wa Maman Khalifa kwano guda, sauran na bar wa masu ita, da shi za su rayu kafin su saba da sabon wuri. Da an bi ta Sniper ko cokali ɗaya ba mai lasa. Kuma wannan ku riƙe: in wani ya kawo muku zuma a saƙa ya ce daga silin ko bangon wani gida aka ciro, ku tambaye shi da me aka kori ƙudan kafin ku ba yara.

Ladan: Bahon zan sa a bayan ɗakin ajiya. Wa ke da tsoho ya ba masallaci?

Maman Ikram: Akwai nawa da ya tsage a baki, a turo almajiri bayan la'asar.